Kwamfutar Baba Ta Yi Shiru

Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka na jirgin ruwa. Mama tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci.

Na yi ɓarna, Yaya. Kwamfutar da ka haɗa wa Baba bayan shanyewar jikinsa, wadda yake rubutu da yatsa ɗaya ita kuma ta faɗa da muryarsa, ta yi shiru tun Talata. Ni ce sila. Ina goge mata ƙura na ga saƙo wai manhajoji fiye da ɗari biyu suna jiran sabuntawa. Na san ka hana ni taɓawa, amma shekara uku ke nan ba a sabunta su ba, na ɗauka gyara zan yi, sai na danna. Ta tambaya ko ta cire wasu tsofaffi, na amince ban ko karanta ba. Ashe manhajar muryar tana cikinsu.

Da safe Baba ya rubuta ƙorafinsa na kullum, wai shayi ba sukari, ya danna. Shiru. Ya sake dannawa har sau huɗu, sannan ya dube ni.

Ƙanwarka,
Auta

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya aiki, ya ciwon bayan naka? Na san ba ku da hanyar sadarwa a tsakiyar teku, amma rubutun yana rage min nauyin ƙirji.

Na samo littafinka mai koren bango, wanda ka rubuta yadda ka haɗa kwamfutar a ciki. Na buɗe baƙin allon nan da ake ba kwamfutar umarni, na rubuta umarnin girka manhajar muryar harafi bayan harafi. Ta ce sai da wata tsohuwar manhaja da take dogaro da ita. Na nemi tsohuwar, an ce an cire ta daga rumbun da ake saukowa, sabuwa ta maye gurbinta, ita kuma sabuwar ba sa jituwa da ta muryar. Da ƙyar na tono tsohuwar a wani shafi. Zan girka ta, sai kwamfutar ta jero abubuwa tamanin da za ta cire, har da manyan haruffan da Baba yake dannawa. Wannan karon na karanta. Na fasa.

Na kai kukana zauren masu taimako a intanet. Wani ya yi min ba'a, wai ina kwafin ajiyar da na yi kafin sabuntawa. Wani bawan Allah kuwa kwana uku yana bi da ni mataki-mataki, daga baya ya ba ni haƙuri. Ashe mutum ɗaya ne yake kula da manhajar, kyauta, kuma ya bari tuntuni. Na rubuta masa, saƙon ya dawo min. Mai gyara na bakin titinmu ya juya kwamfutar, ya ce sai dai a goge komai. Na karɓe abata.

Taka,
Auta

Yaya,

Saƙonka ya iso, mun gode Allah da kake lafiya. Na gane, sai kwamfutar tana gabanka za ka iya gwadawa, kuma ba za ka dawo ba sai nan da wata biyar.

Muryar da ka haɗa daga kaset-kaset na karatun Baba tana nan, na kwafe ta wuri uku. Abin da zai buɗe ta ne babu. Bawan Allahn nan ya taimaka na girka wata manhajar magana, amma muryar wata budurwa ce mai gwamutsa kalmomi. Baba ya gwada jimla ɗaya. Mama ta tuntsire da dariya, dariyar ta koma kuka. Bai sake yarda an kunna ba.

Yanzu yana rubutawa ni ina karantawa a fili, tunda Mama ba ta iya karatu ba. Ruwa, magani, a juya shi. Tsokanar da yake mata duk ta ƙare. Likita kuma ya ce yatsan ya fara rauni, kada mu sa rai zai daɗe yana aiki.

Jiya da hantsi Mama tana yanke masa farce, ya daɗe yana rubutu, layi biyu cur, yana yi yana hutawa. Na matso in karanta mata. Kalmar farko kawai na gani, sunan da yake kiranta da shi idan suna su biyu. Ya dube ni, ya dubi allon, sannan ya shiga gogewa harafi ɗaya-ɗaya. Mama ta tambaye ni me ya ce. Na ce mata ruwa yake so, ta tashi ta ɗebo.

Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Ƙanwarka,
Auta