Takin da Aka Kwashe Mana a Jambutu da Sunan Bola

Zuwa ga Mai Girma Shugaban ma'aikatan duba-gari masu kula da layinmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya kai da iyali da ma'aikatan da Allah Ya ɗora maka nauyinsu, ina neman afuwa da na zaɓi in yi maka magana a bainar jama'a. Sau uku ina zuwa ofishinka. Zuwan farko aka ce kana taro, na biyu aka ce ka fita zagaye. A na uku masinjanka ya ba ni kujera da ruwan leda mai sanyi, muka yi ta hirar ciwon gwiwa har aka kira azahar, ban gan ka ba. Ledar da na sha ruwan na ninke ta na sa a aljihu, kuma za ka ji abin da na yi da ita kafin ka gama karanta wannan takarda.

Sunana Modibbo Sa'adu Hammawa, haifaffen cikin garin Yola, mazaunin Jambutu. Na daɗe ina karantar da fiƙihu a zauren gidana. Da ido ya fara rauni sai Allah Ya buɗe mini wata sana'a, wato renon dashen itatuwa a filin da ke bayan gidana, ni da abokin aikina Malam Tumba. A katangar wannan fili ne ma'aikatanka suka liƙa takardar cewa an ba mu kwana ashirin da ɗaya mu daina tara bola, in ba haka ba a rufe wurin. Yau saura kwana tara.

Ya kamata ka san yadda abin ya faro. A shekarar da fitina ta koro mutane daga arewacin jiharmu suka cika Yola da Jimeta, Malam Tumba ya iso daga wajen Michika da matarsa da 'ya'yansu a ƙafa. Kirista ne, manomi ɗan manomi. Na ba su ɗakin da ke jikin zaurena. Daminar da ta biyo baya, ledojin ruwa suka toshe kwatar layinmu, ruwa ya shigo gida ya jiƙa mini littattafan da na gada daga mahaifina. Washegari na ga baƙona ya duƙa cikin kwata yana tsintar leda yana zubawa a buhu. Na ce a raina baƙin ciki ya fara taɓa bawan Allah, har na tanadi addu'ar da zan yi masa. Ashe shi ya san abin da yake yi. Ya wanke ledojin, ya yanke bakinsu, ya huda gindinsu, ya cika su da ƙasa, ya binne ƙwallon mangwaro a kowace. Ranar da na ga jajayen ganyaye sun leƙo, na mayar da addu'ar kaina, na roƙi Allah Ya ƙara mini fahimta.

Da hankali ya kwanta bai koma ba, domin gonarsa da gidansa babu abin da ya saura. Muka haɗa gwiwa, fili nawa, sani nasa. Yanzu mangwaro da gwaiba da zogale da lemun tsami da darbejiya duk muna reno, masu gidaje a Bekaji da manoman Ngurore suna zuwa saye. Ga abin da nake son ka duba:

1. Tarin da ma'aikatanka suka gani taki ne. Kowace safiya Madam Rifkatu, mai sayar da abinci a bakin layinmu, tana aiko mana da ɓawon doya da na dankali da ragowar ganye. Buba mai shayi yana tara mana ɓawon ƙwai da ganyen shayi da ledojin ruwa. Mu kuma sai mu ware ledojin, mu shimfiɗa sauran, mu bi su da kashin shanu da toka, mu yayyafa ruwa, mu rufe da tsohon buhu. Duk mako biyu Malam Tumba yana juya shi da shebur. Bayan wata uku sai ya yi baƙi, ya yi laushi, in ka damƙa ka shinshina ƙanshin ƙasar ruwan farko za ka ji. Ni da na shafe rayuwata ina karantar da babin tsarki ba zan zauna kusa da ƙazanta ba. Na koma littattafai na duba hukuncin kashin dabbar da ake cin namanta kafin in yarda a sauke ko kwando ɗaya a filina.

2. Ranar Asabar ɗin tsaftar gari da ta wuce, ni ina cikin Yola wajen ta'aziyyar wani abokin karatuna, Malam Tumba kuma ya bi keke mai ƙafa uku ya kai dashe Bekaji tun kafin a hana zirga-zirga. Saboda zafin wannan lokaci mun kwashe dashen gaba ɗaya mun jera a inuwar bayan katanga, inda mai wucewa ba ya gani. Abin da ake hangowa daga titi tarin taki uku ne da buhunan leda. Ma'aikatanka suka zo da tifa suka kwashe tas, har suka share wurin. In faɗi gaskiya, ban taɓa ganin shara mai kyau irin wannan ba. Madam Rifkatu ta fito da ludayi a hannu tana gaya musu cewa abincin itatuwa ne suke ɗauka. Babbansu ya amsa mata cikin ladabi cewa shi tun da yake bai taɓa ganin itacen da ke cin ɓawon doya ba, ya kuma tambaye ta in lambu ne ina allon da ya nuna haka.

3. A nan zan faɗi laifina, domin wanda ya zo neman adalci ya fara da kansa. Babu allo, kuma ni na hana a kafa. Shekara da shekaru Malam Tumba yana roƙona mu rubuta sunan lambun a bakin titi, ni kuwa ina cewa ina tsoron riya, kada a ce Modibbo ya tsufa ya koma tallan kansa. Ya sha gaya mini cewa sunan mangwaro za a rubuta, kuma shi bai taɓa jin an kama mangwaro da riya ba. Na yi ta dariya ban saurare shi ba. Ranar da na dawo na tarar da fili fayau, sai ya je ya tsaya daidai inda yake so a kafa allon yana gyaran murya. Na karɓi hukuncin. An riga an kai katako wurin mai fenti.

4. Akwai abu ɗaya da bai ba ni dariya ba. Masu sana'ar ruwan leda da yawa suna buga sunayen Allah ko Bismillah a jikin ledarsu don neman albarka. Irin waɗannan ba ma zuba musu taki. Nakan zauna da almakashi bayan la'asar in yanke wurin rubutun in tara a wani farin buhu da ke rataye a reshen darbejiya, in ya cika mu haƙa rami mai tsabta mu binne. Ma'aikatanka sun sauke wannan buhu sun jefa a tifa tare da sauran kaya. Malam Tumba ya dawo motar na barin layi. Da Madam Rifkatu ta gaya masa har da farin buhun, bai ko sauka daga keken ba, ya ce wa mai keke ya bi su. Sai da suka kai wani kwazazzabo a hanyar Ngurore inda aka juye kayan. Mutumin nan da furfurarsa ya shiga cikin juji har gwiwa ya tono buhun, ya kawo mini shi a kafaɗa. Rubutun da ke ciki ba na addininsa ba ne, amma ya san matsayinsa a wurina. Ba na zargin ma'aikatanka da ganganci, domin ba su san abin da ke ciki ba. Ina dai so ka san irin mutumin da za a raba da abincinsa idan aka rufe wurin nan.

5. Game da takin kuwa, Allah Ya yi mana shaida da kanSa. Kwana biyu bayan an zubar da shi aka yi ruwan farko. Da Malam Tumba ya koma dubawa a makon nan, ya tarar kabewa da tumatir sun tsiro a kan tarin da bai gama nuna ba, kore shar, alhali duk kewayen babu ko ciyawa. Wanda ya nuna kuwa matan wajen sun gane shi tun daga nesa, suna ta kwasa a kwanon sarki zuwa gonakinsu. Wata ma ta gargaɗe shi da kada ya taɓa, wai gwamnati ce ta kawo musu. Na yafe musu har zuciyata. Sadaka ce ma'aikatanka suka fitar a madadinmu ba tare da shawara ba, ina fatan Allah Ya raba ladan da su, har da direban tifa.

Ranka ya daɗe, aikinmu da naku ɗaya ne. Addini ya koya mana cewa kawar da abin cutarwa daga hanya ibada ce, dashen itace kuma alheri ne da ke bin mutum har kabari. Tun da muka fara wannan sana'a kwatar layinmu ba ta sake toshewa ba, maƙwabta shaida ne. Duk ranar da aka rufe filin, ɓawon doyar Madam Rifkatu da ledojin Buba ba su da wurin zuwa sai wannan kwata, ga damina ta kawo kai. Ni tsoho ne, 'ya'yana za su ciyar da ni. Malam Tumba kuwa an taɓa raba shi da gona sau ɗaya, ba na so a sake raba shi da wata a bayan gidana ina raye.

Saboda haka ina roƙon abubuwa uku. Na farko, ka zo da kanka, ko ka turo wanda ka amince da shi, kafin kwana taran nan su cika, ya damƙi sabon takin da muka fara haɗawa ya duba yadda muke rufe shi. In ya ga gyara, ko na ƙuda ko na wari, ya faɗa, za mu yi ba tare da musu ba. Na biyu, a janye takardar rufewa, a ba mu wata a rubuce wadda za mu nuna wa duk wanda ya zo da tifa nan gaba. Na uku, a umarci ma'aikata su riƙa tambayar maƙwabta kafin su kwashe abin da ba su gane ba, kuma in mace ta fito da ludayi tana bayani a tsaya a saurare ta. Takin da ya tafi ba na neman a biya ni.

Tare da kwafin wannan takarda na aika maka da ɗan dashen gwaiba ta hannun masinjanka. Yana cikin ledar ruwan nan da na sha a ofishinka, ƙasar da ke cikinta kuma daga ɗan ragowar takin da tsintsiyar ma'aikatanka ta manta a gindin katanga ne. Ka ajiye shi a bakin taga inda rana ba ta da zafi. Idan ka duba ka ga bola ce, kwandon shara yana kusa da teburinka. Idan kuwa ka ga itace ne, rabin kofin ruwa yake sha kowace safiya.

Allah Ya yi maka jagora a cikin aikinka, Ya kare ka daga zaluntar wani ko da bisa kuskure, Ya albarkaci zuriyarka, Ya ba jiharmu zaman lafiya mai ɗorewa da damina mai albarka. Ya kuma ja kwananka har ka ci 'ya'yan gwaibar nan a inuwarta.

Wassalam.

Naka mai fatan alheri,
Modibbo Sa'adu Hammawa,
Jambutu, Jimeta.