Kawu, Sarewar Nan Ta Fara Ɓace Mini

Zuwa ga Kawu Sale,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar girmamawa irin wadda ɗa ke yi wa ƙanin mahaifiyarsa, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin rahama. Ni ne Bashir na Yaya Asabe, daga Riyad nake rubutowa. Na san wasiƙa ba ta isa inda kake, amma labarin nan kai ya kamata ka fara ji.

Ka tuna kaset ɗin da ka ba ni ranar da zan tafi kwalejin fasaha a Kaduna? Lokacin ba ka daɗe da yin ritaya daga bandan 'yan sanda ba, inda ka shekara da shekaru kana busa sarewa a fareti. Ka ce Baturen da ya koya muku karatun kiɗa ne ya bar maka faifan, kai kuma ka juye shi a kaset. Simfoni ka kira shi: kiɗa mai kashi huɗu, ya fi awa guda, makaɗa wajen ɗari, babu mawaƙi ko ɗaya. Wani mutumin Turai ne ya tsara shi a ƙarshen ƙarni na sha tara.

Jin farko barci ya sa ni. Da na dawo hutu Funtuwa na faɗa maka haka, ba ka ji haushi ba. Ka zaunar da ni a zaure, ka kunna rikodarka, ka ce, "Waƙa kake jira, ba ta zuwa. Zaɓi mutum ɗaya a cikinsu ka bi shi, yadda kake bin uwarka a kasuwa."

Na zaɓi mai sarewa, tunda sana'arka ce.

Daga nan kiɗan ya buɗe mini. Kashi na farko manyan goge masu kaurin murya ke fara shi, can ƙasa, kafin ƙahonin tagulla su shigo su cika ɗakin. Na biyu rawar ƙauye ce mai nauyin ƙafa, kana jin kamar mutanen da takalman gona suka zo. Na huɗu kowa ke tasowa lokaci guda, har yau ban gama fahimtarsa ba. Amma na uku, mai tafiyar hawainiya, shi ne nawa. Goge su yi ta hawa a hankali, su hau, su hau, sai su tsaya cak. A cikin shirun wani ɗan kallo ya yi tari. Sannan ƙaramar sarewa ta shigo, siririya, ta maimaita abin da goge suka daɗe suna faɗa, ita a numfashi biyu.

Kaset ɗin ya tsinke tun kafin in zo Saudiyya. Da na samu waya mai kyau na nemi kiɗan, na tarar makaɗa daban-daban sun yi shi. Na yi ta saurare har na ji tarin nan, na san na samo naka. Sababbin ɗauka sun fi tsabta, babu wannan shuuu ɗin na tsohon faifai. Sai dai duk gaggawa suke a wurin shirun. Jagoran makaɗan naka shi yana jira, har ka fara zaton wayar ce ta tsaya.

Ba ka riski zuwana nan ba, don haka bari in gaya maka. A wata masana'antar gwangwani nake, a Birnin Masana'antu na Biyu, ina kula da injinan yankan ƙarfe. Ana ba mu abin toshe kunne, muna sawa, amma ƙarar wurin har a haƙori ake jin ta. Gidanmu a Utaiƙa yake, ni da matata Hadiza. Bas ɗin kamfani ke kai mu ya dawo da mu. Kashi biyu nake ji da safe, biyu da yamma, don haka na uku kullum a hanyar gida yake samuna.

Bara ne abin ya soma. Tarin zai zo, sarewa ta fara, ina jin ta. In ta hau sama sai ta ɓace, sai ta sauko sannan in sake samun ta. Na ce abin saurarena ne ya lalace, na sayi sabo a kasuwa. Bai canza ba. Na ɗora wa waya laifi, sannan na ɗora wa injin bas.

A gida kuwa Hadiza ta daɗe tana ƙorafi. A buga ƙararrawar ƙofa ina zaune ban motsa ba. Ta kira ni daga kicin sai ta fito da kanta. Takan ce, "Kana ji sarai, ƙyale ni kake yi." Mun sha saɓani a kan wannan, kowa na ganin shi ke da gaskiya.

Ita ba ta taɓa son kiɗanka ba. Kiɗan fim take ce masa, wanda fim ɗin ya ƙi zuwa. Wata Juma'a bayan mun ci abincin rana na kunna shi a falo, na kashe na'urar sanyaya ɗaki, na roƙe ta ta saurara. Da wurin ya zo na tambaye ta ko akwai abin da ke tashi. Ta dube ni ta ce, "Ga abu nan yana busa kamar tsuntsu. Kai ba ka ji ba?" Na girgiza kai. Ta ajiye farantin da ke hannunta ta zauna.

A asibiti aka sa ni a wani ɗan ɗaki mai kaurin bango, aka ba ni maɓalli, in na ji ƙara in danna. Ta gilashi ina ganin likitar, 'yar Sudan ce, tana jirana in danna, ni kuma ba abin da nake ji. Ta ce siraran sautuka sun tafi a kunnuwan biyu, na hagu ya fi. Na tambayi magani. Ta ce, "Abin da ya tafi ya tafi, ya ustaz. Maganar abin da ya rage muke yi." In na ci gaba da tsayawa gaban injin, shi ma zai bi.

Ka san nan ba a barin aiki haka kawai, iƙamata, takardar izinin zamana, a hannun kamfanin take. Na kai wa mudir, wato manajanmu, rahoton asibiti, aka yi ta kai-komo, a ƙarshe suka mayar da ni sito. Albashin bai kai na da ba, kuma ina kewar injinana, don na san halin kowannensu. Amma a sito mutum na iya magana ba tare da ya ɗaga murya ba.

An ba ni na'urar ji. Da ita magana tana fita sosai, faɗanmu da Hadiza ma ya ragu. Kiɗa ne ba ta iya ba, goge sai su koma kamar ana jan kwano a siminti. In zan saurara cire ta nake yi.

Ga abin da na fi so ka sani. Da sarewar ta bar mini gurbi, sai na ji abin da ke ƙarƙashinta. Ashe duk lokacin da take sama, manyan gogen nan na riƙe da sauti ɗaya ba su saki ba, kuma akwai wani tambari da ake taɓawa a hankali, sau uku ko huɗu. Tun ina ɗan makaranta nake jin kiɗan nan, ban san suna wurin ba sai bana.

Kuma yanzu na gane ka, Kawu. A shekarunka na ƙarshe kana ƙure muryar rikoda har Inna matarka ta leƙo zaure, kana karkato kunnen dama in ana maka magana. Mun ɗauka tsufa ne kawai. Shekarun da ka yi tsaye gaban ganguna da ƙahoni ne. Da wuya in kana jin sarewar ranar da ka zaunar da ni. Duk da haka ka san daidai inda za ta shigo, har ka taɓa gwiwata.

Juma'a da rana yanzu a falo muke kunna kashi na uku. Hadiza na zaune tana tsintar shinkafa, har yau tana cewa ya cika tsawo. Amma in wurin ya zo takan saki tire ta ɗaga yatsa. Sarewa ta hau, yatsan ya hau. Ta sauko, ya sauko. Makon jiya na ga ya tsaya a sama yana ɗan rawa, na tambaye ta mene ne. Ta ce mutumin numfashinsa ya kusa ƙarewa a nan, amma bai saki ba. Wannan ko lokacin da kunnena ke lafiya ban taɓa lura da shi ba.

Allah Ya jiƙanka, Kawu, Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya haɗa ka da Yayarka a Aljanna. Ni kuma Ya bar mini abin da zan ji kiran salla da shi, in ji Hadiza in ta kira ni daga kicin.

Ɗanka,
Bashir
Utaiƙa, Riyad