Bulon Saman Ɗakin Baba

Asabar, 6 ga Yuli

Yau ma mun yi da Baba a kan bulon da ya jibge a saman ɗakinsa. Garin katako ke zubowa daga silin, har cikin kofin shayinsa. Na baro shagon ɗinkina na kira kafinta maƙwabcinmu, ya hau ya soka ƙusa da hannu, ta shige kamar a sabulu. Ya ce gara ta gama da katakon, a sauke nauyin nan kafin damina ta yi nisa. Baba ya ce duk wanda ya taɓa masa bulo ɗaya bai yafe ba.

Talata, 9 ga Yuli

Garin nan ba mu da kalanda sai masifa. Ka tambayi mutum shekarunsa, ya ce maka an haife shi ana saura kaɗan Shekarar Ƙanƙara. Kuma kowacce ta bar mana tabo a gida. Bayan Ƙanƙara, da ta farfasa gilasai ta kashe awaki, Baba ya toshe tagoginsa, ya bar 'yar kafar da ko kyanwa sai ta yi dabara. Bayan Ambaliya ya ɗaga dokin ƙofa har gwiwa, kullum sai na buge ƙauri. Bayan Shekarar Iska ya hau rufi da bulo, ya danne kwanon. Kullum shirin wadda ta riga ta wuce muke yi, haka na faɗa wa Yaya a waya. Ya ce in bar tsoho ya sha iska.

A Shekarar Iskar ne kwanon rufi ya taso daga wani gida ya kashe Inna a tsakar gida, ina goye a bayanta. Ban san komai ba, sai wannan tsagar da ke kunnena. Baba bai taɓa ba ni labarin ba. Idan hadari ya haɗo dai, sai ya fito ya tsaya yana kallon rufin mutane.

Alhamis, 11 ga Yuli

Na ce wa Baba ya dawo ɗakina da kwana. Ya ce, "Auta, ɗakin da ba nauyi a kansa ai hula ce." Kafinta ya yi dariya, ya ce shi rufinsa ƙusa mai hula ce ke riƙe da shi, ba tsakuwa ko ɗaya. Na ji haushin Baba har na kasa cin abinci.

Litinin, 15 ga Yuli

Dole in rubuta wannan.

Jiya bayan azahar gari ya yi baƙi. Ina shago. Iskar ba ta yi sallama ba, ta banko ƙofa ta kifar da keken ɗinki. Na fito in ruga gida, ruwa na dukan fuskata kamar da tsakuwa. Kafinta yana tsakiyar layi yana kiran awakinsa. A gabana rufinsa ya ɗaga gaba ɗaya, ƙusoshin na tsalle. Falle ɗaya ya rabu, ya yi juyi a sama, ya sauko da gefe. A wuya ya same shi. Bai ko yi ihu ba. Jinin ya bi ruwan kwata ya wuce ta kan ƙafata, kwanon kuma ya ci gaba da tafiya yana kartar bango.

Ban tsaya ba. Allah ya yafe mini, tsallake shi na yi, domin na ji wani rugugi daga gidanmu.

Rufin Baba bai tashi ba. Ciki ya rufta. Bulon duka, da kwanon, da ruɓaɓɓen katakon. Ƙofa ta cije daga ciki. Na leƙa ta kafar tagar, na gan shi a ƙasa, bulo ya danne masa ƙafar hagu, ƙashi a waje, fari. Ruwa na zuba kai tsaye, kuma dokin ƙofar da aka gina don ya hana ruwa shiga ya hana shi fita. Ya riga ya kai masa ƙirji.

Na ɗauko diga a bayan kicin. Ban san ina da wannan ƙarfin ba. Na dinga saran dokin ƙofar, siminti na fallatsa mini a ido, farcena ya cire ban ji ba. Ina sara ina zagin bulo, ina zagin garin, har shi Baban. Ta ciki ina jin yana cewa, "Auta, matsa daga nan, kwano." Ruwa na shiga bakinsa, amma kwano yake ji mini.

Da ya fashe, ruwan ya fito ja, ya kayar da ni. Daga nan maza suka zo suka ɓalle ƙofar.

Juma'a, 19 ga Yuli

Sun yanke ƙafar daga gwiwa. An binne kafinta ban je gaisuwa ba, na kasa haɗa ido da matarsa.

Laraba, 7 ga Agusta

An gama sabon rufi, Yaya ne ya tsaya a kai. Bulon na nan tule a bayan gida, wasu da jini a jiki har yanzu. Mutane sun fara cewa Shekarar Rufta, kowa na ta sauke nasa duwatsun.

Da muka dawo da Baba daga asibiti ya daɗe yana kallon sama. Na shirya faɗa, na tanadi maganganu tun a mota. Sai ya ce, "Ke ce da gaskiya. Kada a ɗora ko tsakuwa." Na jima ina jiran in ji wannan daga bakinsa, amma ban ji daɗin komai ba. Na ce, "To Baba, ku kwanta ku huta."

Ban iya ɗinki idan ana iska. Ko labule ne ya motsa sai in ga fallen nan yana juyi. Yanzu na san abin da Baba ya gani a tsakar gida, da abin da yake kallo duk shekarun nan.

Asabar, 17 ga Agusta

Hadari ya haɗo da la'asar. Kusurwar sabon kwanon, ta wajen gadon Baba, tana ɗan ɗagawa tana bugawa. Ƙila ƙusa ce ba ta kama ba, gobe zan sa a duba.

Tsanin masu aiki na nan ba su ɗauka ba. Baba na barci.

Bulo guda ɗaya kawai na ɗora. Na zaɓi wanda ba jini, kuma katakon sabo ne, zai ɗauka. Da damina ta wuce zan sauke.

Da na shiga kai masa magani ya kalli gwiwar zanena, duk ƙurar siminti. Ya kalli silin. Ya karɓi kofin ya ce, "A kan katako kika aza, ko a tsakani?"

Na ce a kan katako.