Ƙulli Biyu a Ƙofar Gidan Mama

Boston, Maris 2020

Zuwa ga yayata Verna,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da mijinki Merle, da Baba da jikinsa. Tunda kin daina ɗaga wayata, ga takarda nan. Ita dai ba za ki iya katse ta tana tsakiyar magana ba.

Muna nan tafe ranar Asabar, ni da mijina Grant da 'yarmu Josie. An rufe makarantar Josie, an rufe ofishinmu, muna cunkushe a saman bene kamar kaji a akurki, tun safe har yamma jiniyar motar asibiti ce a ƙarƙashin tagarmu. Kin san Josie da asma. Jiya maƙwabcinmu aka fitar ranga-ranga, yarinyar nan tana tsaye tana kallo. Ba zan naɗe hannu in jira koronar nan ta ƙwanƙwasa mana ƙofa ba.

Kwantar da hankalinki, ba gidanki zan sauka ba. Gidan marigayiya Mama na kan tudu a rufe yake tun kaka, kuma ni da ke ta bar wa. Ki roƙar mini Merle ya hau ya buɗe ruwan famfo. Za mu killace kanmu yadda aka ce. Bayan nan ina so in ga Baba, ko ta taga ce. Rabona da shi tun bara, kuma muryarsa a waya ba ta yi mini daɗi ba.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Paulette

Tsibirin Tolliver

Paulette,

Gaisuwa. Lafiya lau muke, kuma haka muke so mu ci gaba da zama. Kada ki zo.

Kaji a akurki? Sannu. Mu nan nas ɗaya gare mu, Bernice, ita ma gwiwa ta hana ta sakat. Kanti ɗaya, na Thelma. Asibiti yana can tsallaken ruwa, jirgin fito ya rage zuwa, kuma in hazo ya sauka ko tsuntsu ba ya ƙetarewa. Kin san wannan duka, ba baƙuwa ba ce ke, sai dai in kin ga dama.

Makon jiya masu gidajen hutu suka fara sauka, motoci fal da kaya, lambobin New York da na garinku. Kafin la'asar sun share kantin Thelma tas, ba fulawa, ba madara, ba man shanu. Tsohuwar Mrs. Alley ta zo da sandarta ta koma da jaka wayam. Cutar da suka gudo wa, a wane aljihu suka baro ta?

Baba yana kwana da robar iska a hanci, yana tashi da ita. Daga kujera zuwa banɗaki sai ya tsaya ya huta. Ni ke jan masa tukunyar iskar, ni ke kwana da kunne ɗaya a buɗe. Da sanyin hunturu ya kwantar da shi ba ki ce kina son ganinsa ta taga ba, furanni kika aiko. Yanzu da garinku ya ɗau zafi kin tuna kina da uba.

Merle ba zai buɗe ruwan komai ba. Allah ya ba Josie lafiya, da gaske nake. A can.

Ki huta lafiya.

Verna

Gidan Mama, kan tudu

Yaya Verna,

Ina gaishe ki, kuma na gode da kular da kika ajiye mana a bakin shinge. Burodi, wake na gwangwani, ƙwai. Ko kallon tagar ba ki yi ba, Josie tana ta ɗaga miki hannu. Ga amsarki a cikin kular, tunda yanzu ita ce gidan wayarmu.

Ni na buɗe ruwan da kaina. Ashe ban manta inda makunnin yake ba.

Da safiyar yau na buɗe ƙofa na tarar da igiyar tarko ɗaure a mariƙi, da ƙulli biyu, da gorar da ke shawagi a ruwa don nuna wurin tarko tana reto a ƙarshenta, ja da fari, launin gidanmu. Grant har da dariya, wai an yi mana ado na maraba. Ni kuwa ban ga abin dariya ba. Kowane ɗan tsibirin nan ya san abin da ake nufi tun kafin ya iya rubuta sunansa: ka zuba tarkon lobsta, ƙaguwar tekun nan, a ruwan da ba naka ba, a yi maka ƙulli biyu a gora. In ba ka kwashe ba, wuƙa ce ke biyo baya.

Ni za a yi wa ƙulli? A ƙofar da aka shigo da ni cikin tsumman jego? Ki gaya wa Merle ragon namiji ne. In yana da magana ya zo ya tsaya a bakin shinge ya faɗa, ba ya lallaɓo kamar ɓarawon kaza ba.

Kuma ku daina yi mana fuskar waliyyai. Idan rani ya yi, ba ke ce ke washe wa mutanen nan baki a rumfar bakin ruwa ba, "sannunku da zuwa, ku ƙara lobsta mana"? Lokacin lambar motarsu ba ta tsone miki ido. Kuna son mu in rana ta fito, in hadari ya taso ku ce ba ku san mu ba.

A gaida Baba. Ki ce masa ina nan.

Paulette

Paulette,

Na ga takardarki. Gaisuwa.

Merle bai taka tudunku ba, kuma ki kiyayi bakinki a kan mijina.

Kin ce za ku killace kanku. To wane ne aka gani a kantin Thelma washegarin zuwanku, da gajeren wando da takalmin gudu, ba takunkumi, yana tambaya ko akwai wani irin kofi na musamman? Aljani ne ya ari fuskar Grant? Ya tsaya ya jingina da kanta yana ba ta labarin yadda iskar tsibiri ke wanke huhu. Kai, mutumin nan!

Yau kantin a rufe yake. Thelma tana kwance da zazzaɓi da tari. Kin san wa ke kawo wa Baba miyar kifi kowace Laraba, ta zauna su yi karta? Ta zo wannan Larabar ma, kafin jikin ya kama ta. Ta raba kati, ya lashi yatsa ya ɗauka, yadda ya saba.

Eh, ina washe baki da rani. Da rani ba wanda ke mutuwa don na yi murmushi. Baƙo yana zuwa ya ci ya tafi, mu ne ke zama da abin da ya bari.

Mazan bakin ruwa ransu a ɓace yake, ba na son maimaita miki abin da suke faɗa. Ki zauna a gida, ki ɗaure mijinki. Batun igiya kuwa, ki buɗe idonki ki dubi ƙullin nan da kyau, sannan ki bar shi inda yake.

Na saka maganin shaƙa na Josie a kula, Bernice ce ta bayar.

Sai an jima.

Verna

Verna,

Gaisuwa, in har ta rage tsakaninmu.

Na duba. Ƙullin bahago ne, da jelar igiya a soke ta ƙasa. Mutum ɗaya ke ɗaure haka a duk tsibirin nan. Shi ya koya mini ɗaurin takalmi, malamar makaranta ta yi ta fama da ni don ina yi a juye.

Baba. Mutumin da kika ce ba ya kai banɗaki sai ya huta, shi ya hau tudun nan da tukunyar iskarsa don ya yi wa 'yarsa gargaɗin da ake yi wa ɓarawon ruwa. Wa ya kawo shi? Wa ya riƙe masa tukunyar? Ke kika zuga shi, Verna. Tun muna yara haka kike, ke ce 'yar jirgi, ni ce mai littafi da za ta gudu. Kin samu abin da kike so.

Na sauka jiya da rana, na tsaya can nesa a bakin titi, da takunkumina, na kira shi. Yana zaune a taga. Ya dube ni, ya dubi mazan da ke gyaran tarko a tsallaken titi, ya ja labule. Na tsaya nan kamar almajirar da ta zo roƙo, suna kallona.

Grant ya yi wauta, na sani, na kuma gaya masa abin da ba zai manta ba. Amma lafiyarmu ƙalau, ko atishawa babu. Ɗan Thelma ba kullum yake ƙetarewa ɗauko kaya ba? Shi cutar tana gaishe shi ta wuce don lambar motarsa ta gida ce? Ba wanda ya san wa ya kawo ta, amma kun riga kun zaɓi wanda za ku rataya wa.

Na ɗauko wuƙar kicin ɗin Mama na yanke igiyar. Gorar tana cikin kula, ki mayar masa. Ki ce masa saƙo ya iso.

Paulette

Paulette,

Ba ni da lokacin gaisuwa, amma ga ta nan.

Kin yanke? Wayyo Allah. Ke dai kin yi karatu ya yi miki yawa, hankali ya yi miki kaɗan.

Kin bar nan tun kina budurwa, rabin abin kika sani. Ni na tsaya a bayan jirgin Baba ina saka ƙoto har hannuna ya tsattsage, bari in gaya miki ragowar. A Tolliver wanda ya riga yin ƙulli, rigimar tasa ce. Muddin ƙullinsa yana nan, ba mahalukin da ya isa ya sa wuƙa, sai shi. Ranar da kuka sauka, masuntan nan 'ya'yan Faulkingham sun yi shirin sare itace su tare muku hanya, su farfasa tayoyi. Baba ya ji. Ya sa ni na kai shi a mota, ina ta masifa, ya ƙi in taɓa igiyar. Sai da ya zauna a dakalin Mama yana haki kamar zai shiɗe kafin ya iya gama ƙulli na biyu. Ya ce, "Yanzu tawa ce. In ga ɗan da zai wuce gaban gorata."

Labulen kuwa, me kike so ya yi? Ya ɗaga miki hannu a gabansu, su gane wasa ne? Da ya ja shi, kuka ya zauna yana yi, ni na share masa hanci.

Na ce ki bar shi inda yake. Da yaren wane gari zan faɗa miki? Na ɗauka ko ba ki gane ba za ki ji magana sau ɗaya a rayuwarki.

Zazzaɓi ya rufe shi shekaranjiya. Jiya da safe hazo ya hana jirgin fito, Merle, ragon namijin nan naki, shi ya ƙetare da shi a jirgin lobsta, Bernice tana riƙe da kansa. A ƙofar asibiti suka karɓe shi suka ce in koma. Ba mai shiga. Ban san wa ya kawo cutar ba, gaskiyarki. Na dai san babu ita kafin jirgin ranar Asabar ɗin nan da ire-irensa.

Na mayar miki da gorarki. Ni ban iya kallonta ba.

Verna

Yaya,

Ina gaishe ki. Don Allah ki karanta har ƙarshe.

Na sake ɗaura gorar. Na samo igiya a rumbun Mama na yi ta gwadawa tun safe, hannun dama yana ta yi mini gardama. Tana nan a ƙofa.

Sun sare itacen, yana kwance a bakin hanyarmu. Ban damu ba, su sare duka dajin. Abu ɗaya nake roƙo: in nas ɗin asibiti ta kira ki ta kara masa waya a kunne, ki hau ki tsaya a bakin shinge ki buɗe muryar. Ba zan matso ba. Kalma biyu kawai zan faɗa masa.

Har yanzu ina jin haushinki. Da kin faɗa mini a fili tun farko. Amma ki zo.

Ƙanwarki,
Paulette

Paulette,

Gaisuwa.

Baba ya rasu yau da hantsi. Nas ta kira ina bakin ruwa, na taho da gudu, itacen ya tare mota, kafin in hau tudun da ƙafa ta ce ya daina magana.

Kafin nan ya tambaya ko ƙullinsa yana nan a ƙofar. Na ce yana nan. Ya ce, "To, a bar min yarinya."

Na ga wanda kika yi. Na dama ne, ko yaro ya kalla ya san ba nasa ba ne. Kada ki gode mini don na ɓoye masa.

Merle zai zo da zarto gobe ya buɗe muku hanya. Jirgin fito yana tashi ranar Juma'a. Ki rufe ruwa kafin ki tafi, ki bar makulli a kula.

Ki gaida Josie.

Yayarki,
Verna