Ni na bari aka kwashe kayan ɗakin sauraren mijina

Assalamu alaikum mutanen gidan nan. Admin don Allah a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin da ke damuna wani zai ji ya ce ƙaramin abu ne, amma ni ya hana ni sukuni.

Ni 'yar Bauchi ce, muna zaune a Gwallameji, shekara goma sha ɗaya muka yi da maigidana kafin Allah ya karɓi ransa bara, ya bar ni da 'ya'ya mata biyu. Mutum ne marar hayaniya, ba ya zaman majalisa, ba ruwansa da ƙwallo, shi dai a bar shi da sauraro. Yana da amfilifaya da manyan sifiku biyu da injin faifai da na kaset, tun yana saurayi yake tara su. Da muka gina gidan nan ya ware ɗaki guda ya ce nasa ne, ya shekara biyu yana gyaransa. Ya shimfiɗa wata darduma mai kauri da ya ɗauko daga Makka, daga bango zuwa bango, ya rataya labule masu nauyi har a gefen da babu taga, bangon baya kuma ya cika shi da kantar littattafai. Sai ya tsaya a tsakiyar ɗakin ya tafa hannu sau ɗaya, ya karkata kai yana saurare, ya matsar da sifika taku guda, ya sake tafawa. Ni kuwa ina bakin ƙofa ina masa tsiya, ina cewa Abban yara ko aljanu ka fara kira ne. Ba ƙaramar mita na yi kan ɗakin nan ba, ni ke shara, ga ƙura a labule, ga darduma da ba ta ɗaguwa, har rigima mun yi ranar da na buɗe tagogi na ɗaure labulen don iska ta shiga.

Da ya rasu, bayan arba'in aka zo rabon gado, ina cikin takaba, ko ƙofar ɗakin ba na iya kallo. Tun da 'ya'yanmu mata ne, mahaifiyarsa Inna da yayansa suna da rabo. Wallahi ba wanda ya cuce ni, har aiko mini aka yi a tambaye ni abin da nake so ya faɗo a kasonmu daga ɗakin. Na ce a bar mana injinan da sifikun da kaset-kaset ɗin, su ne ransa, darduma da labule kuwa ai tsumma ne, duk mai so ya ɗauka. Da bakina na faɗa. Labulen suka tafi gidan yayansa, matarsa ta ba tela ya yanka mata daidai tagogin falonta, littattafan aka yi sadaka da su wata makaranta, darduma ta faɗa rabon Inna aka kai mata Zungur inda take zaune.

Sai da na fita takaba na samu ƙarfin halin shiga. Ina gyara kaset-kaset na tsinci wani da ya rubuta wa "gwaji". Ashe lokacin da yake gyaran ɗakin ya ɗauki muryarsa, kusan minti ashirin, yana ƙirga ɗaya biyu uku, yana karanta Fatiha, can ya ƙwala mini kira wai shayinsa ya huce, har ana jin ni daga kicin ina ba shi amsa, shi kuma yana dariya. Na kunna a manyan sifikun. Abin da ya fito ya tsorata ni, muryar tana bugun tayil tana bugun bango tana dawowa, kamar mai magana daga cikin rijiya. Ƙaramar 'yata mai shekara biyar ta shigo ta tsaya, ta ce Umma wannan ba Abba ba ne, ta fita. Ranar na yi kukan da ko ranar jana'iza ban yi ba, don a lokacin na gane abin da ya yi shekara biyu yana yi, na kuma gane ni na rushe shi da magana ɗaya.

Na san wasu za su ce ki sa a waya ki ji da iyafis. Na yi, an juye mini shi a waya don kar kaset ya lalace. Amma da iyafis muryar a cikin kaina take, ni kuma so nake in ji shi a gabana, daidai inda kujerarsa take, yadda nake jin sa in na leƙo.

Na fara gyara da ƙaramin sanina. Wani mai sitidiyo ya ce in manna kiret ɗin ƙwai a bango, na bi masu kaji na tara, na manna, ɗakin ya koma kamar shagon ƙwai, kyankyasai suka samu gida, sautin yana nan yadda yake. Daga baya na nemi abokin marigayin, wani Kirista da suka yi aiki tare, in kira shi Malam Bulus, shi ma masanin sauti ne. Ya zo da matarsa, yana shiga ya ga bangon ya juya baya yana share ido. Ya ce in cire kiret ɗin, ba ya tare komai, abin da ke shanye amsa-kuwwa abu ne mai kauri da laushi. Ya janye sifikun daga kusurwa ya mayar da su inda ya san suna zama, ya sa kafinta ya haɗa firam huɗu aka cusa soso aka rufe da yadi aka rataya, na ɗinka sababbin labule ninki biyu, na cika kantar da tsofaffin littattafan yara da nawa na makaranta, na sayo kafet a kasuwa. Gaskiya an samu sauƙi sosai. Amma har yanzu in ya yi dariyar nan akwai wani kaifi a ƙarshenta da ba nasa ba. Malam Bulus ya ce kafet ɗin kasuwar siriri ne, tayil na mayar da sauti ta cikinsa, irin waccan dardumar kuma bai san inda ake samu a garin nan ba. Ya ƙara da cewa, "Madam, ɗakin ya kusa komawa, watakila saura ba a ƙasa yake ba." Na gane abin da yake nufi, wai saura a zuciyata yake, ban dai yarda ba.

Makon jiya na shirya na tafi Zungur da niyyar roƙon Inna ta ba ni dardumar in saya mata wata. Na tarar ta shimfiɗa ta a ɗakinta, ta yi wa ɗakin yawa har ta naɗe gefe guda. Jikarta ta ce mini tun da aka kawo ta Inna ta daina hawa gado, a kai take sallah, a kai take kwana, ba ta bari a wanke. Tsohuwa ce ta haura tamanin, shi ne autanta. Na zauna a kai muna gaisawa, na kasa kawo maganar. Da zan tafi ta riƙe hannuna ta ce, "'Yar nan, an ce kina da muryarsa a kaset, ki sa a zo a ɗauke ni ran Juma'a in ji ɗana a ɗakinsa."

To jama'a ga inda nake. In ta zo ɗakin yana haka, ina tsoron ita ma ta ce ba shi ba ne, kuma ban san ko zuciyarta za ta ɗauka ba. In na ce ta taho da dardumar aro na yini ɗaya, za ta kawo, ba ta taɓa hana ni komai ba. Amma ni na san halina, in aka shimfiɗa ta na ji shi sak yadda yake, ba zan iya naɗe ta da hannuna in sa a mota ba, ita kuma kunya ba za ta bari ta tambaya ba, za ta koma Zungur ta hau gado ta yi shiru. In kuma aka shimfiɗa muryar ba ta canja ba, to ba ni da sauran abin da zan ɗora wa laifi.

Iyaye da 'yan'uwa, musamman waɗanda suka rasa miji ko ɗa, in ce ta kawo ko in bar mata abinta? Yau Laraba, direban da zai ɗauko ta yana jiran in faɗa masa ko ya je da babbar motar da za ta ɗauki dardumar.