Mazaunin Inna a Bayan Babur

Zuwa ga ƙanena Musbahu,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya mutanen Wurno? Mu nan Aljeriya lafiya lau, sai ƙirjin nan da ƙurar siminti ta kama, shi ma da sauƙi.

Yaya Kaltume ta gaya min ka cire kujerar bayan babur ɗina, ka kafa rediyon tauraron ɗan'adam da lasifika, wai don 'yan majalisarku su ji ƙwallon Turai. To Inna a ina za ta zauna? Don kai ta asibitin Birnin Kudu na bar maka babur ɗin, ga shi ranar Talata da ƙafarta mai ciwo ta taka har bakin titi neman mota.

Ka kwance shi yau ɗin nan. In ka ƙi, ranar da ka tashi neman albarka, ka je wurin rediyon.

Allah ya ba Inna lafiya.

Yayanka,
Abdulsamad