Baitocinki a Aljihun Wando

Inna,

Assalamu alaikum. Na san wannan takarda ba za ta taɓa isa hannunki ba, amma ba ni da wanda zan kai wa ƙara sai ke.

Na gama karatu a Guangzhou, nan ƙasar Sin. Umma tana lafiya. Ƙanwata Hadiza ta haihu, an sa wa jaririyar sunanki. Sauran labarin ba daɗi.

Kin tuna farin saƙin da kika koyi ɗinki a kansa tun kina budurwa? Aska biyu, dagi, tambari, duk da zaren tsamiya, a ƙasa kuma baiti biyu da ajami, inda kika roƙi Allah ya rufa wa zuri'arki asiri. Ɗanki, Kawu Sale, ya ɗauko shi daga akwatinki ya zo da shi nan, wai samfur. Ni na raka shi wata masana'antar tufafi a garin Xintang, tunda ni ke jin yarensu, da hannuna kuma na miƙa wa mai masana'antar. Na tambayi launin zare, na tambayi ranar gama aiki, na rubuta komai. Ban tambayi yadda suke yi da samfur ba. Ashe yanka shi suke, su ɗora kowane yanki a na'ura.

Gida huɗu suka raba shi, Inna. Ajamin kuwa ado suka ɗauka, suka buga shi a aljihun bayan wandon jins. Sunan Allah a wurin zama. Su ba su sani ba. Kawu fa? Ya yi allo, ya iya karantawa. Ya duba ya ce wa zai tsaya karanta wando, a loda kaya kawai. Shi ba ya cikin zuri'ar da kika yi wa addu'ar ne?

Na ce ba zan fassara masa maganar lodi ba. Ya nemo wani tafinta. Kwana tara ke nan bai amsa gaisuwata ba.

Na karɓo yanki uku. Na huɗun, mai baitocin, sun ce ya bi shara. Sau nawa kika kira ni in zauna in haddace su, na ce ina da jarrabawa? Jiya na ɗauko wando ɗaya, na farke aljihun da reza, na wanke, na naɗe a farin ƙyalle. A nan nake koyon baitocinki yanzu.

Ki yafe mini. Allah ya haskaka makwancinki.

Jikarki,
Rukayya